Yadda na shiga gasar Scrabble karon farko, daga haddar kalmomi zuwa teburin alƙalanci

Wannan rubutu na masu buga wasan haɗa kalmomin Turanci ne, a waya ko a gida, waɗanda suke sha'awar shiga gasa amma ba su san ta inda ake bi ba. Ni ma na daɗe a haka. Labarin Wellington Jighere ne ya fara sa mini abin a rai, wato ɗan Najeriyar nan da ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya a watan Nuwamba na 2015, ya doke Lewis Mackay ɗan Ingila huɗu ba ko ɗaya a karon ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambun, har Shugaba Buhari ya kira shi a waya ya taya shi murna. A lokacin ne na san ashe Scrabble yana da hukumarsa ta ƙasa a Najeriya, kuma yana cikin wasannin da ake fafatawa a bikin wasanni na ƙasa. Sai dai a nan wajenmu da wuya ka samu wanda zai ce maka ga ƙofa. Yawancin manyan 'yan wasan suna kudu da Abuja, mu kuwa sai dai mu buga da abokai bayan sallar isha'i, ana musu a kan kalma har a tashi ba a rabu da musun ba.

Abin da na fara yi shi ne neman ƙungiya. Na yi ta tambaya har wani abokin aiki ya haɗa ni da wasu mutane da ke haɗuwa duk yammacin Asabar a wani kulob na ma'aikata. Ba su da yawa: malaman makaranta, ɗalibai, da wani dattijo da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Malam. Ba a karɓi komai a hannuna ba ranar farko, daga baya ne na shiga karo-karon da suke yi duk wata na ruwan sha da gyaran kayan wasa. Malam ya zaunar da ni muka buga wasa ɗaya. Ni na je da ƙarfin gwiwar mai karatun Turanci, ina ta neman doguwar kalma mai kyan ji. Shi kuwa sai ya riƙa jera kalmarsa a gefen tawa, harafi na gogar harafi, kowane sawu yana haifar da ƙananan kalmomi uku ko huɗu a lokaci guda: QI, ZA, XU, JO, AA. Ko ɗaya ban taɓa gani a littafi ba. Da muka gama ya ce mini, "Ƙanena, Turancinka yana da kyau, amma ba Turanci ake bugawa a nan ba, kundi ake bugawa. Wane kundi ke cikin wayarka?" Ban ma san akwai kundi fiye da ɗaya ba.

Wannan shi ne ruɗani na farko, kuma shi ya fi cin mutane. Akwai manyan jerin kalmomi biyu na gasar Turanci. Amurka da Kanada suna da nasu, wanda kalmominsa ba su kai 200,000 ba. Yawancin sauran ƙasashen duniya, har da Najeriya da Gana da Kenya, suna amfani da na kamfanin Collins, mai kalmomi fiye da 270,000. Yawancin wasannin waya suna zuwa da jerin Amurka ko wani nasu na daban, shi ya sa waya za ta ƙi karɓar ZO ko CH, alhali a gasa halal ne. Shi kansa kundin Collins ana sabunta shi. A bugun 2019 aka ƙara OK da EW da ZE, kalmomi masu harafi biyu suka zama 127. A 2021 aka cire kalmomin zagi da cin mutunci fiye da 400. An sake fitar da wani bugun a 2024. Saboda haka tsohon littafin da ka gada daga yayanka zai iya kai ka ya baro. Ƙamus ɗin makaranta kuwa, irin su Oxford da muka saba da su, ba ya raba gardama a gasa ko kaɗan.

Malam ya sa wani ɗalibi ya ɗora mini manhajar Zyzzyva a kwamfuta. Kyauta ce, data kawai ka ci. Ita ce ake haddar kalmomi da ita, ita ce kuma ke alƙalanci a gasa. Ya kuma nuna mini shafin Woogles, inda ake buga wasa kyauta da mutanen wasu ƙasashe, ka zaɓi kundin Collins da kanka, da wata manhajar mai suna Quackle da za ka shigar mata da wasanka ta nuna maka sawun da ya fi wanda ka buga. Sai ya tsara mini karatu. Ya ce kada in taɓa doguwar kalma sai na haddace masu harafi biyu kakaf, yadda ko daga barci aka tashe ni zan kawo su. Bayan su sai masu harafi uku, waɗanda sun haura 1,300, in fara da masu ɗauke da J da Q da X da Z, domin Q da Z maki 10 ne kowanne, J da X kuma 8. Ya ja kunnena cewa babu kalma mai harafi biyu da ke da V a cikinta, saboda haka V harafi ne na toshe hanya. Daga nan sai kalmomin zubar da kaya: idan wasula suka cika maka hannu akwai irin su EUOI da EAU, idan baƙaƙe ne zalla akwai CWM da NTH da BRR.

A wannan mataki ne muka yi doguwar muhawara a kulob a kan ma'ana. Ɗalibin nan yana ganin koyon ma'ana ɓata lokaci ne, tunda ba wanda zai tambaye ka ita a gasa, kuma ba ta ƙara maki ko ɗaya. Hujjarsa Nigel Richards, ɗan New Zealand da ya ci gasar duniya ta Faransanci a 2015 ba tare da yana jin Faransanci ba, jerin kalmomin kawai ya haddace. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, duniya guda Nigel ɗaya gare ta. Ni da kai sai mun kama kalma da wani abu kafin ta zauna." Ni na bi Malam, kuma har yau ina ganin shi ke da gaskiya, saboda dalili biyu. Na farko, kalmar da ka san abin da take nufi ba ta saurin gudu. Da na ji cewa AA wani irin dutse ne mai kaushi da aman wuta ke bari, sunan kuma daga Hawai ya zo, ZO wata saniya ce ta ƙasar Tibet, XU kuɗin Biyetnam ne, QAT ganyen da ake taunawa ne a Yaman da Somaliya da Habasha, CWM kwari ne a harshen mutanen Wales, sai suka daina zame mini tarin haruffa.

Dalili na biyu shi ne mai cin wasa. Ma'ana ce ke gaya maka abin da kalma za ta iya ɗauka a gaba ko a baya, abin da 'yan wasa ke kira ƙugiya. Suna yakan ɗauki S na jam'i, shi ya sa QIS da ZAS da ZOS da QATS duk suna nan. Amma KY tun asali jam'i ce, shanu take nufi a karin harshen Sikotlan, don haka ba ta ɗaukar S. CH wakilin suna ne na wani tsohon karin Ingila, EUOI kuma ihu ne na murna, su ma ba sa ɗauka. XU jam'inta XU ne. JO, wato masoyi ko masoyiya a bakin mutanen Sikotlan, jam'inta JOES ne. Sannan akwai sunayen da ba za ka zata aikatau ba ne sai ka duba. HENNA lalle ne, amma kundin ya yarda ana aikata shi, don haka HENNAED tana nan, harafi bakwai cif. Ba sai ka iya fassara kalma kamar malamin aji ba. Abin da ake so ka san suna ce, ko aikatau, ko sifa, sai ɗan abin da zai tuna maka ita. Zyzzyva tana nuna wannan a gefen kowace kalma.

Wani abu da ya faranta mini rai, kuma ban ga wanda ya taɓa faɗa mini ba, shi ne Bahaushe yana shiga wannan kundi da jari a hannu. Kalmomin da ke ba Turawa wahala, masu Q ba U a bayanta, da yawansu daga Larabci suke, mu kuwa da su muka tashi: QADI shi ne alƙali, QIBLA alƙibla, NIQAB niƙabi, TALAQ saki, WAQF waƙafi, FAQIR fakiri. Ga ZAKAT, ga HAJJ, ga IMAM, ga HALAL, ga AZAN, ga JINN. Ga NAIRA da KOBO, dukansu suna ɗaukar S. MALLAM ma tana ciki. Haka itatuwanmu: DOUM goruba, SHEA kaɗanya, NEEM darbejiya, BAOBAB kuka, KOLA goro, ga KOHL kwalli. Na ware musu shafi na musamman a littafina, kuma su ne kalmomin da ban taɓa sake bitarsu da wahala ba. Abin lura kawai rubutun, domin yadda kundin ya rubuta ita ce doka, ba yadda muke furtawa ba.

Sai aka zo kan kalmomi masu harafi bakwai da takwas. Wanda ya zubar da ƙwayoyinsa bakwai, wato duk haruffan da ke hannunsa, a sawu ɗaya yana samun ƙarin maki 50, ana ce masa bingo. A nan ba a bin kundi daga A zuwa Z. Ana fara da haruffan da suka fi yawa a jaka. Ƙwayoyi 100 ne: E goma sha biyu, A da I tara-tara, O takwas, N da R da T shida-shida, S huɗu kacal, da farare biyu marasa harafi da za su iya zama duk abin da ka ga dama. Shi ya sa haruffa irin A, E, I, N, R, S, T suka fi haɗuwa a hannu, kuma daga waɗannan bakwai ɗin kaɗai ana fitar da RETAINS, NASTIER, RETINAS, STAINER, RETSINA, STEARIN da wasu. Manhajar Zyzzyva takan ba ka haruffan a jere, kai kuma ka nemo kalmomin. Wadda ka ci sai ta jinkirta dawo maka da ita, wadda ka faɗi ta dawo da ita gobe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san hadda ba tilawa zubewa take yi, to haka abin yake a nan. Na mai da shi bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi. Watanni na yi a haka kafin Malam ya ce in gwada gasa.

Sanarwar gasar a zauren WhatsApp na 'yan wasa ta fito, gasar kwana biyu a wani babban gari. An raba ta rukuni-rukuni bisa matsayin ɗan wasa, manya a sama, matsakaita, sai rukunin buɗe na sababbi. Wanda bai taɓa buga gasa ba ba shi da lambar matsayi, saboda haka kai tsaye rukunin ƙasa za a sa shi, komai ƙwarewarsa a waya. Kuɗin rajistar rukuninmu 'yan dubbai ne, na manya ya fi haka nesa, ɗalibai kuma an yi musu ragi idan sun nuna katin makaranta. Na tura kuɗin ta asusun da aka bayar, na aika hoton shaidar biya da cikakken sunana da jihata ga lambar da ke kan sanarwar. Shiru. Kwanaki suka wuce ba amsa, hankalina ya tashi, na fara tunanin ko na faɗa hannun 'yan damfara. Malam ya ce in kwantar da hankali, masu shirya gasar 'yan sa-kai ne, kowa da aikinsa, amma in kira in tabbatar. Da na kira aka ce an gani. Sai ana gobe gasa jerin sunaye ya fito, nawa kuma an rubuta shi ba daidai ba. Na nemi a gyara nan take, domin da wannan sunan za a buɗe maka matsayi, idan ya shiga a karkace haka za ka yi ta yawo da shi. Kuɗin da ya fi cin aljihu ba rajista ba ce, mota ce da masauki da abinci. Mu uku muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki ɗaya kusa da wurin gasar.

Da sassafe muka isa zauren. A teburin ƙofa aka duba suna, aka nemi shaidar biya da katin shaida, aka ba ni lamba. An rubuta za a fara ƙarfe tara, amma sai da hantsi ya dubi ludayi sosai kafin a kafe jerin haɗi na zagayen farko, domin ana jiran waɗanda ke hanya, wuta kuma ta ɗauke an koma janareto. Jiran nan ya fi wasan kansa tayar mini da hankali. Ina zaune ina kallon mutane suna bitar takardunsu, wasu sun sa abin ji a kunne, wasu na raha da juna kamar ba su za su kara ba. An buƙaci kowa ya zo da kayansa idan yana da su: allo mai juyawa da ke da ramuka don kada ƙwaya ta zame, ƙwayoyi masu santsi waɗanda ba a iya gane harafinsu da yatsa a cikin jaka, da agogo mai fuska biyu. Ni ba ni da ko ɗaya, na kulob muka zo da su. Alƙalamin rubutu biyu da takardun maki ne kawai nawa. Kafin a fara, shugaban gasar ya karanta dokoki, ya faɗi bugun kundin da za a yi hukunci da shi, ya ce duk kalmar da aka ƙalubalanta ta fito daidai, mai ita zai samu ƙarin maki 5. An umarci kowa ya kashe waya ya ajiye.

Abokin karawata na farko wani matashi ne daga kudu, mai ladabi. Muka jera ƙwayoyin gida huɗu, biyar sau biyar, muka tabbatar ɗari ne, sannan muka zuba a jaka. Kowa minti 25 gare shi na wasan gaba ɗaya, wanda ya wuce kuma ana cire masa maki 10 a kowane minti. Tsarin sawu yana da ƙa'ida: ka ajiye kalma, ka faɗi makinta da baki, ka danna agogo, ka rubuta jimla, sannan ka ɗebi sababbin ƙwayoyi, jakar kuma a ɗage take sama da idonka, tafin hannunka a buɗe kafin ka sa. Hannuna rawa yake yi a sawun farko. Ga lissafi, ga agogo, ga soke haruffan da suka fita a takarda don ka san abin da ya rage a jaka. A tsakiyar wasan ya ƙara S a bayan JO don ya rataya wata kalma mai tsoka. JOS. Zuciyata ta buga, domin ido ya saba da ganin sunan garin, sai ya yi kama da kalma. Amma na tuna jam'inta JOES ne, kuma kundin ba ya karɓar sunan gari ko na mutum. Na ce na riƙe, wato kada ya ɗebi sababbin ƙwayoyi tukuna, na sake dubawa, sannan na ƙalubalanta. Muka tsayar da agogo, muka kife ƙwayoyinmu, muka tafi tare wurin kwamfutar alƙalanci. Ni na rubuta kalmomin, shi ya duba ya danna. Kwamfutar ba ta faɗin wace kalma ce ba daidai ba, ba ta kuma kawo ma'ana, abin da take cewa kawai sawun ya karɓu ko bai karɓu ba. Bai karɓu ba. Ya kwashe ƙwayoyinsa, ya rasa sawunsa. Duk da haka shi ya ci wasan da 'yar tazara, ya miƙo mini hannu ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari." Muka cike takardar sakamako, kowa ya sa hannu, wanda ya ci ya kai teburin shugaba.

Daga nan zagaye ya riƙa bin zagaye har bayan magariba. Ana haɗa ka da wanda sakamakonsa ya yi kusa da naka, don haka bayan 'yan wasanni sai ka tsinci kanka cikin sa'o'inka. Ba yawan cin wasa kaɗai ake dubawa ba, har da tazarar maki, shi ya sa ko ka ga wasa ya kuɓuce ba a sakin jiki. Maganar salla mu muka je muka yi da shugaban tun da safe, ya nuna mana inda hutun abinci zai faɗo, muka sallaci azahar a ciki, la'asar kuma a tsakanin zagaye biyu. Wannan yana da muhimmanci, domin idan aka fara zagaye ba ka wurin, agogonka za a danna, yana ci kana waje. A kwana na biyu na ga abin da ake faɗa a kan salon 'yan Najeriya da idona. A teburan manya ba a cika buɗe allo da doguwar kalma ba sai in bingo ce. Kalma mai harafi huɗu ko biyar suke ajiyewa a inda za ta ci maki ta kuma rufe hanyar jan gida mai ninka kalma sau uku, suna adana S da farar ƙwaya da haruffa masu daɗin haɗi don sawu na gaba. Na ci wasu, na sha kashi a da yawa, na gama a ƙasan tsakiyar rukuninmu. Makonni bayan haka sunana ya fito a jerin matsayi da lambata ta farko.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara gyara kundin da ke wayarsa zuwa Collins tun yau, kada ya ƙara kwana yana haddar abin da ba za a yi masa hukunci da shi ba. Ya nemi mutane ya buga da su ido da ido, da agogo da takarda, domin waya tana yi maka lissafi, tana kuma hana ka ajiye kalmar ƙarya, a gasa kuwa kalmar ƙarya tana zama a allo daram idan ba ka ƙalubalance ta ba. Ya haddace ƙananan kalmomi da ƙugiyoyinsu kafin manya, kowace da rukuninta na nahawu da 'yar ma'anarta. Kada ya ji kunyar ƙalubale idan yana shakka, maki 5 ba su kai sawu guda na ƙarya mai maki 40 ba, amma ya tuna da zarar abokin karawa ya ɗebi sababbin ƙwayoyi ba tare da an ce an riƙe ba, dama ta wuce. Musanyar ƙwayoyin hannunka da na cikin jaka ma tana da iyaka, ba a yin ta sai akwai aƙalla bakwai a jaka. Ya ajiye hoton shaidar biyansa a waya, ya kuma buga ta a takarda saboda caji, ya duba rubutun sunansa a jerin farko, ya tanadi kuɗin kwana ɗaya fiye da yadda ya tsara, domin gasa takan kai dare a ranar ƙarshe, mota kuma ta riga ta tashi. Kafin ya tura ko sisi, ya tambayi masu shiryawa abu uku: wane bugun kundi za a yi amfani da shi, nawa ne hukuncin ƙalubale, kuma wa zai kawo allo da agogo.